Malaman Mdou Moctar: daga wayar birkin keke zuwa situdiyon Sakkwato

Idan jaridun Turai da Amurka za su gabatar da Mdou Moctar ga masu karatunsu, laƙabin da ya fi saurin zuwa bakinsu shi ne "Hendrix na Sahara". Suna da hujjarsu. Bahago ne kamar Jimi Hendrix, jitar lantarki ƙirar Fender Stratocaster yake kaɗawa kamar shi, kuma idan kiɗa ya yi masa daɗi a kan dandamali yakan sa jitar ta yi kururuwa har gashin jikin mai sauraro ya tashi. Sai dai laƙabin yana ɗauke da wani zato, wato cewa yaron ya tashi yana sauraron makaɗan Amurka, ya kwaikwaye su, sannan ya naɗa wa abin rawani. Tarihin tasowarsa bai goyi bayan wannan zato ba. Sai da hannunsa ya faɗa, salonsa ya zauna, kafin ya san kiɗan mutanen da ake danganta shi da su. Waɗanda suka rene shi a kiɗa suna kusa da gida: wani makaɗin Abzinawa da hukuma ta taɓa haramta kaset ɗinsa, matan da ke kaɗa turmi a ƙauye, 'yan biki masu son kiɗa da sauri, da kuma wani situdiyo a Sakkwato inda ake yin irin waƙoƙin finafinan Hausa.

Wannan jeri ya cancanci a bi shi dalla-dalla, domin da irin wancan laƙabi ake ɗauke ladan aiki daga hannun waɗanda suka yi shi a miƙa wa wanda bai san an yi ba. Bahaushe ma yana da rabo a cikin labarin, rabon da bai cika sanin yana da shi ba.

Ƙasar da ya buɗe ido a cikinta

Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane. An haife shi a tsakiyar shekarun 1980 a yankin Azawak na jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, ƙasar makiyaya wadda manyan garuruwanta suka haɗa da Abalak da Tchintabaraden. Ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a Arlit, garin da aka kafa a ƙarshen shekarun 1960 can arewa da Agadas domin haƙar yuraniyom da Faransa ke buƙata a tashoshinta na nukiliya.

Zamanin haihuwarsa zamanin asara ne. Farin farkon shekarun 1970 ya karkashe dabbobin Abzinawa, kafin su farfaɗo sai na 1984 ya zo ya share abin da ya saura. Wannan ita ce yunwar da Hausawan Nijar suka laƙaba wa "El-Buhari", saboda ta zo daidai da lokacin da gwamnatin soja ta Najeriya ta rufe iyakokinta. Makiyayin da ya rasa raƙumi da akuya ba shi da sana'a ta biyu a daji. Tun daga farin farko samari suka riƙa tururuwa zuwa Tamanrasset a kudancin Aljeriya da garuruwan Libiya neman aikin ƙarfi. Aka riƙa kiransu ishumar, sunan da aka lanƙwaso daga kalmar Faransanci mai nufin marar aikin yi. A 1980 Mu'ammar Gaddafi ya gayyaci samarin Abzinawa su je a ba su horon soja, da yawa kuma suka amsa.

A cikin wannan zaman baƙunta da barikoki aka haifi kiɗan jitar Abzinawa. Ibrahim ag Alhabib, wanda ya jagoranci kafa ƙungiyar Tinariwen wajen 1979, ɗan arewacin Mali ne da ya tashi a gudun hijira a Aljeriya, kuma jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da gwangwani da sanda da wayar birkin keke. Kiɗan da shi da abokansa suka ƙirƙiro ana kiransa assouf. Ma'anar kalmar ta haɗa kewa da kaɗaici da begen gida, irin abin da kan kama matafiyi da daddare idan wuta ta mutu, hira ta ƙare. Ba su da situdiyo. Wanda ya zo da sabon kaset sai su kaɗa masa a rikoda, ya tafi da shi, wani ya kwafa daga wurinsa, wani ya kwafa daga wancan.

A watan Mayun 1990 aka yi arangama a Tchintabaraden, sojojin Nijar suka mayar da martani da kisan fararen hula Abzinawa masu yawa. Daga nan tawaye ya ɓarke a arewacin ƙasar, bai lafa ba sai da aka sa hannu a yarjejeniyar sulhu ranar 24 ga Afrilu, 1995. Mahamadou yana ƙaramin yaro aka yi duk wannan. A shekarun da yaro ke fara riƙe waƙa a ka, waƙar jita a ƙasarsu abin ɓoyewa ce, domin ana iya kama mutum saboda an same shi da kaset ɗinta.

Kayan kiɗan da ba gadon kowa ba

Kafin zuwan jita Abzinawa suna da kiɗansu, kuma kowane kiɗa da masu shi. Akwai tende, wato turmin daka da ake rufe wa baki da fatar akuya, a ɗaure fatar a jikin taɓare biyu, mata su zauna a kansu domin ta ja, a riƙa yayyafa mata ruwa don sauti ya zauna. Mace ɗaya tana kaɗawa, wata tana bayar da waƙa, saura suna tafi da amshi, maza kuma suna zagaya su a kan raƙuma. Akwai anzad, ɗan uwan goge mai tsirkiya ɗaya, wanda shi ma mata ne ke jan sa. Akwai kuma tehardent mai tsirkiya uku, ɗan uwan molo, wanda yake hannun maroƙa da zuriyar maƙera. Namiji ɗan babban gida yana iya rera waƙa, yana iya tsara baiti, amma ba a san shi da rungumar kayan kiɗa ba.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga Bahaushe. A ƙasar Hausa ma kalangu na mahauta ne, dundufa ta maƙera, tambari da kakaki na fada, kuma kiɗa sana'a ce da ake gada. Gidan sarauta da gidan malanta suna jin daɗin makaɗi, suna yi masa kyauta, amma ba sa son ɗansu ya zama shi.

Jita ta shigo ba ta da gida. Ba wata zuriya da za ta ce tata ce, ba wata da za ta ce ta fi ƙarfinta. Saurayin da fari ya raba da garke, baƙunta ta raba da matsayinsa na haihuwa, ya samu abin da zai faɗi damuwarsa da shi ba tare da ya zama maroƙin kowa ba. Shi ya sa waƙoƙin jita na farko ba yabon masu kuɗi ba ne. Kira ne ga 'yan uwa su farka, da kukan rabuwa da ƙasa, da tambayar abin da ya sami mutane. Yaron da ya tashi a shekarun 1990 ya tarar da ƙofar da kakansa bai taɓa gani a buɗe ba.

Abdallah

Wanda ya riƙe tutar wannan kiɗa a ɓangaren Nijar shi ne Abdallah ag Oumbadougou. An haife shi a yankin Agadas a farkon shekarun 1960, ya yi zaman ishumar a Aljeriya da Libiya, ya kafa ƙungiyar Takrist n'Akal. A lokacin tawaye kaset-kaset ɗinsa suka zama tamkar rediyon Abzinawan Nijar, hukuma ta haramta su, mutane suka ci gaba da kwafa a ɓoye. Bayan sulhun 1995 ya dawo gida, ya fara kaɗawa a fili, daga baya har ya buɗe wuraren koyar da yara kiɗa a Arlit da Agadas.

Mdou Moctar ya sha faɗa cewa ganin Abdallah yana kaɗa jita a bainar jama'a, shi kuma yana yaro, shi ne abin da ya juya rayuwarsa. Ba wuya a fahimci dalili. Muryar da aka saba ji ƙasa-ƙasa a rikoda, ana waiwaye, sai ga mai ita a tsaye, mutum kamar kowa, da rawani irin na gida, yana waƙa da Tamashek, jama'a sun kewaye shi ba mai tsoro. Yaro ba ya buƙatar a yi masa bayanin siyasa kafin ya gane cewa wannan mutum yana da wani iko, kuma ikon daga abin da ke rataye a kafaɗarsa yake fitowa.

Abin da ya ɗauka daga Abdallah ya wuce yadda ake danna tsirkiya. Ya ɗauki fahimtar cewa makaɗin jita mai magana ne da yawun jama'a. Shekaru da yawa bayan haka, lokacin da ya samu kunnen duniya, batutuwan da ya sa a gaba su ne halin da Faransa ta bar ƙasashen da ta mallaka, da haƙƙin mata, da tsoron kada harshen Tamashek ya ɓace a bakin yara. Wanda ya tashi a Arlit ba sai an koya masa darasin farko ba. Ya ga motoci suna fita da ma'adinin da ke haska biranen Turai, alhali Nijar ta daɗe tana sayen akasarin wutarta daga Najeriya, ƙauyukanta kuma suna kwana cikin duhu.

Jitar wayar birki

Gidan su Mahamadou gidan addini ne, kuma ba su ga alheri a kiɗan jita ba. Duk wanda ya tashi a irin wannan gida ya san yadda ake kallon makaɗin zamani: mai yawon dare, abokin 'yan shaye-shaye, wanda salla ke kuɓuce wa. Iyayen wancan zamani suna da ƙarin dalili, tunda jita ta yi suna a matsayin kayan 'yan tawaye. Ba mai saya masa ita ko da akwai kuɗin. Sai ya nemi katako, ya warware wayar birkin keke ya yi tsirkiyoyi da ita, ya yi amfani da 'yan mabuɗan gwangwanin kifin sadin wajen ɗaure su da ja musu ƙarfi. A ɓoye ya riƙa koyo, shi kaɗai.

Masu rubutu a ƙasashen waje suna son wannan labari, suna bayar da shi kamar abin al'ajabi. A Sahel kuwa tsohuwar hanya ce. Ibrahim ag Alhabib ya bi ta. Ali Farka Touré na Mali, wanda shi ma ya fito daga gidan da ba a gadon kiɗa, da abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya da ya haɗa da kansa ya fara yana yaro. Kuntigin da marigayi Ɗan Maraya Jos ya zagaya duniya da shi, jikinsa gwangwanin kifi ne da aka rufe da fata. Abin tambaya shi ne me irin wannan kayan kiɗa ke koya wa mai shi.

Da farko yana koyar da kunne. Jitar masana'anta tana da ƙarafan da aka jera a wuyanta bisa lissafi, duk inda aka danna sauti zai fito daidai. Wadda yaro ya sassaƙa ba ta da wannan tabbaci, kuma tsirkiyarta tana saki kowane lokaci. Dole mai ita ya riƙa neman sautin da kunnensa, yana gyarawa yana kaɗawa. Na biyu yana koyar da hannu. Wayar birki ba don yatsa aka yi ta ba, sai yatsun sun yi kanta kafin su daina ciwo, kuma tunda katakon ba ya amsa kuwwa sosai, sai an yi bugu da ƙarfi da tsabta kafin a ji. Na uku, rashin malami yana barin mutum da halittarsa. A ƙasashen da ake kwaɓar yaro idan ya miƙa hannun hagu, bahagon da ya koyi jita a gaban malami mai yiwuwa da an juya shi ya koma dama. Mahamadou ba wanda ya gan shi balle ya gyara shi. Hagun da ake kafa hujja da ita wajen haɗa shi da Hendrix, a ɓoyon nan ta tsira.

Abin da hannun ya kwaso daga gida

Makaɗin jitar Abzinawa ba ya yawan sauya rukunin sauti yadda Bature ke yi. Yakan zaɓi tsirkiya ɗaya mai kaurin murya ya riƙa bugunta da babban yatsa ba tsayawa, ta zama harsashin da waƙa ke zaune a kai, sannan manuniya ta riƙa zana karin waƙar a kan siraran tsirkiyoyi. Ɗaya hannun yana dannawa yana fizgewa da sauri, sautuka suna zubowa a jere kamar ana karya murya. Yawanci a cikin sautuka biyar ake yawo, kamar yadda yake a yawancin waƙoƙin gargajiyar Hausa. Wanda ya taɓa zama kusa da mai molo ko mai gurmi zai gane tsarin nan take, domin haka ake kaɗa su. Hannun tehardent ne aka ɗora a kan jita.

Mdou Moctar ya ƙara da takamba, kiɗan tehardent da ƙwarya da ya yaɗu daga yankin Gao na Mali, wanda ake yi wa rawa ta nutsuwa da kafaɗa da tafin hannu. Bugun da ke ƙarƙashin waƙoƙinsa kuma, mai rangaji kamar tafiyar raƙumi, na tende ne, haka ma tafi da amshi. Idan ana neman shaidar cewa jitar Nijar daga turmin mata ta sha nono, a dubi ƙungiyar Les Filles de Illighadad daga wani ƙauye kusa da Abalak. Jagorarsu Fatou Seidi Ghali ta koyi jita a ɓoye da ta yayanta, kuma a wasansu ana jin waƙar tende ta hau jita ba tare da ta sauya kama ba.

Da ya tasa, Mahamadou ya bi sawun na gaba da shi zuwa Libiya neman aiki, ya yi 'yan shekaru a can. Da ya dawo sai ya shiga makarantar da ta fi kowace tsanani, wato filin biki, a garuruwan Azawak da kuma Agadas inda daga baya ya zauna. A can jita ta riga ta sauka daga kayan tawaye ta zama kayan shagali, biki ba ya cika sai da 'yan jita, ƙungiyoyi kuma suna gasa. Ana kafa lasifika a fili, a tayar da janareta, a murɗa sauti har ƙarshe domin na bayan taro ya ji. Ƙaramar na'urar da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinta sai ta riƙa tsaga sauti, ya fito da ƙaiƙayi da gurnani. 'Yan rawa kuma matasa ne, suna son a ƙara sauri, makaɗin da bai iya tayar da su ba ba za a sake gayyatarsa ba. Gurnani da saurin da Bature ke ji ya tuna da kiɗan ƙasarsu, a nan aka ƙera su, tsakanin janareta da ƙurar 'yan rawa.

Sakkwato, 2008

Lokacin da ya so ya naɗi waƙoƙinsa, arewacin Nijar ya sake rikicewa. Tawaye na biyu ya ɓarke a 2007, aka sa jihar Agadas ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, jita ta sake zama abin zargi, har makaɗi Bombino ya yi gudun hijira zuwa Burkina Faso. Mdou Moctar kudu ya nufa. Titin da aka shimfiɗa domin jigilar yuraniyom ya taso daga Arlit ya bi ta Agadas da Abalak ya sauka Tawa. Daga Tawa hanya ta miƙe zuwa Birnin Ƙonni, a tsallaka iyaka a Illela, sai Sakkwato ƙasa da kilomita 100. Ga mutumin Azawak, Sakkwato ta fi Yamai kusa.

Abin da ya tarar a can sananne ne ga mai karatu. Tun bayan fitowar Turmin Danya a Kano a 1990 sana'ar finafinan Hausa ta bunƙasa, kuma zuwa ƙarshen shekarun 1990 waƙa da rawa irin na finafinan Indiya sun zama abin da ke sayar da fim. Ƙananan situdiyoyi suka bazu a biranen Arewa, kowane da fiyano ƙirar Yamaha mai kwaikwayon ganga da sarewa, da kwamfuta. A cikin kwamfutar akwai Auto-Tune, manhajar da aka fitar a Amurka a 1997 domin gyara muryar mawaƙin da ya kauce wa sauti. Idan aka matsa mata sai ta riƙa tsallakar da murya daga sauti zuwa sauti kamar inji. Masu situdiyon Hausa suka ɗauki wannan tsallake a matsayin ado, ya zama tambarin waƙoƙinsu, waƙoƙin kuma suka cika kasuwanni da tashoshin mota har cikin Nijar.

Waɗannan waƙoƙi ba su taɓa samun mutunci wurin manya ba. Malamai sun ce suna ɓata tarbiyya, 'yan boko sun ce kwaikwayon Indiya ne, masu kishin gargajiya sun ce fiyano ya kashe kalangu. A ƙarshen 2007 ma hukumar tace finafinai ta jihar Kano ta dakatar da shirya finafinai na wasu watanni. A cikin wannan yanayi saurayin Abzinawa ya shiga situdiyo a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar: jita marar lantarki, gangar inji, waƙoƙin soyayya da Tamashek, muryarsa kuma an bi da ita ta cikin Auto-Tune kamar ta mawaƙin fim. Kewar assouf ta sa rigar waƙar fim ɗin Hausa, abin da ba a saba ji ba.

Kundin bai fita kasuwa a lokacin ba. Waya ce ta ɗauke shi. Shekarun nan ne wayoyin hannu masu araha da memori suka cika Sahel, matasa suna tura wa juna waƙa ta Bluetooth a majalisar shayi da cikin motar haya. Hanyar da kaset ɗin Abdallah ya bi a shekarun 1990 ita fayil ɗin Mdou ya bi, sai dai ya fi sauri. Waƙoƙin suka tsallaka Mali da Aljeriya, masu sauraro da yawa ba su san ko wane ne mai su ba.

Baƙi sun iso daga baya

A garin Kidal na arewacin Mali wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, wanda ya kafa kamfanin Sahel Sounds, yana tattara waƙoƙi daga wayoyin mutane. A cikinsu ya ci karo da "Tahoultine", ɗaya daga waƙoƙin Sakkwato, ya sa ta a kundin Music from Saharan Cellphones da ya fito a 2011. Muryar injin nan da ake rainawa ita ta sa waƙar ta fita daban a cikin tarin. Kirkley ya yi ta cigiya har ya samu mai waƙar, ya je Nijar, ya kai masa jitar lantarki ta bahagwai. Kamfanin nasa kuma ya fitar da kundin waƙoƙin finafinan Hausa, Harafin So, a 2013, shekarar da ya fitar da Afelan na Mdou Moctar, wanda aka naɗa a Tchintabaraden.

Daga nan ne sunayen Amurka suka fara shigowa. A 2015 suka fitar da fim ɗin Akounak Tedalat Taha Tazoughai, wanda aka gina a kan Purple Rain na mawaƙi Prince, aka mayar da labarin Agadas. Sunan yana nufin ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja a ciki. Kirkley ne ya zo da shawarar, domin Prince ba ya cikin waɗanda Mdou ya tashi yana ji. Abin da ya sa fim ɗin ya zauna shi ne ɓangaren da yake nasa: saurayi mai jita, uba mai addini da bai yarda ba, da gasar makaɗan gari. Haka ma Eddie Van Halen. Sai da ya girma a sana'a aka nuna masa bidiyonsa a intanet, ya ga yadda yake buga tsirkiya a wuyan jita da yatsun hannu biyu, ya ɗauka ya sarrafa yadda ta dace da nasa karin. Aro ne na gaskiya, kuma bai taɓa ɓoye shi ba, amma aron ƙwararre ne da ya ga dabara wurin ƙwararre.

Kundayen da suka kai shi manyan dandamali, Ilana a 2019, Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a 2024, ya yi su ne da ƙungiyar da ta haɗa da Ahmoudou Madassane daga Nijar da Mikey Coltun daga Amurka. Muryar inji ta Sakkwato ba ta cikinsu. Abin da ya saura daga can shi ne rashin tsoron na'ura, da yarda cewa kiɗan gado ba ya lalacewa don an bi da shi ta cikin waya. A gida kuma, malaman da suka yi masa kallon ɗan iska sun sassauto da suka ji abin da waƙoƙin ke faɗa game da mutunci da riƙon al'ada.

Abdallah ag Oumbadougou ya rasu a watan Janairun 2020, bai samu ko kusa da sunan da almajirinsa ya samu a waje ba. Mdou Moctar ya karrama shi a Afrique Victime, kuma da wuya a yi hira da shi a kan tasowarsa bai ambace shi ba. Shi dai bai rikita jerin malamansa ba. Masu ba da labarinsa ne kan fara da Hendrix, su taɓa Abdallah, su ambaci Sakkwato a layi ɗaya su wuce, matan tende kuwa sau da yawa ko layin ba sa samu. Mai karatun da ke son jin jerin yadda yake sai ya nemi Anar, wanda Sahel Sounds ya fitar a 2014, ya saurare shi kafin sauran. Zai ji babban yatsa yana riƙe da tsirkiya ɗaya kamar na mai molo, zai ji rangajin turmi a ƙarƙashi, a sama kuma zai ji muryar da ya sha ji a motar haya tsakanin Sakkwato da Illela, tana waƙa da Tamashek.